Kusoshi Shida

Na zo Jos da zane a jaka, hutun kwana huɗu.
Na shimfiɗa shi kan bencin Baba a Dilimi,
tsakanin zuga-zugi da ɓaraguzan sanholo.
Sai da ya goge hannu a riga kafin ya taɓa.

Na ce, kumbo ne, Baba,
ɗan ɗakin da ke dawo da mutane daga sama.
Da baya yake shigowa, kamar mai sauka daga tsani.
Iska ba ta samun damar kaucewa,
sai ta taru a gabansa, ta matsu, ta zama wuta,
irin wutar da ƙarfe ke komawa kunu a cikinta.
Wannan faifan na ƙasa shi ne garkuwa.
Ba ya gardama da wuta, barinta yake ta ci:
ya ƙone, ya yi gawayi, ya zube kaɗan-kaɗan,
kowane ɓarɓashi ya tafi da rabonsa na zafi.

Bai kalli faifan ba.
Ya ɗora farcen da guduma ta tsaga tun ina goye
kan ɗigo shida da ke kewaye.
Waɗannan fa?

Su suka hana ni barci shekara biyu.
Nan ake ɗaure kumbo da jikin da ya kai shi sama.
Dole kusa ta huda garkuwa ta kama ƙashin ciki,
in ba haka ba girgizar tashi ta yar da shi.
Daf da shigowa a tsinke su, fat, lokaci guda,
amma guntun na nan binne,
ƙarfe kuwa ɗan rahoto ne,
abin da ya ji a waje sai ya kai ciki.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
tarin da ya kwaso a bakin tanderun kuza
shekara goma sha tara, kafin a sa kwaɗo a sallame su.
Ladidi, miƙo min tukunyar can.
Ya kife ta. Gindi baƙi ƙirin, lafiya lau.
Ya juya ta, ya nuna min kunne.
Tukunya ba ta mutuwa inda wuta ke lasa,
inda aka ɗaura mata mariƙi take mutuwa.

Ya ce akwai wani yaro, Dachung, mai ƙarfin hannu,
ya ɗaure ɗamarar tanderu tamau don a yaba masa.
Da asuba tubali goma sun dare.
Ƙarfe in ya ji wuta miƙa yake,
tubali ba ya binsa.
Daga ranar muke barin rata, kaurin kwabo.

A ofishinmu na Abuja ratar tana da lamba,
sifili, ɗigo, da wasu uku a bayansa.
Na san ta. Na yi shiru, na bar masa kwabonsa.

Ƙarƙashin zanen akwai wata takarda,
ta likitan ƙirji, Litinin, ƙarfe tara,
da ɗakin da na share masa a Lugbe,
da jawabin da na haddace tun daga Akwanga.
Ya yi tari a tsumma, ya ninke da sauri.
Na ga ɗigon baƙi.

Wa ke cikin kumbon? ya ce.
Mutum uku, ko huɗu.
Suna jin zafin?
In mun yi aikinmu, haske kawai suke gani ta taga.
Ya gyaɗa kai, kamar wanda aka gaya wa abin da ya sani.

Ya ɗauki sifana, ya kama notin mariƙin,
ya murɗa har ya tsaya,
sannan ya dawo da shi baya kaɗan.
Ana kiran la'asar. Hadari ya haɗo ta Naraguta.
Hannuna na cikin jaka, kan takardar,
ban fito da ita ba tukuna.